Manajan Benci

Shafi na 19

Masu cewa Auta ta yi haƙuri ta bar wa Allah, na ga saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Ku fara karanta wannan shafin, sannan mu yi maganar haƙuri.

*

Doguwar bas ɗin ta wuce ƙofar gidan adana kayan tarihi, ko rage gudu ba ta yi ba.

Auta na tsaye a gaba kusa da direba, hannu ɗaya a jikin ƙarfe, ɗaya riƙe da makirufo. Ita ce shugabar kwamitin walwalar baƙi a wannan babban taro na masana nazarin rayuwar al'umma, waɗanda suka taru daga jami'o'in kusa da na nesa. Tun da aka buɗe taron take fama da su. Wannan ruwan zafi bai zo ɗakinsa ba, wancan shayinsa ya yi sanyi, waccan tana so a kai ta inda za ta ga "mutane na asali". Yau ce ranar shan iska. An gama makaloli da rana, yanzu yawon buɗe ido, daga nan sai liyafar karrama Farfesa, babban baƙon taron.

Wata baƙuwa mai ƙaton gilashi, wadda 'yan kwamiti suka raɗa wa Madam Tambaya don ba makalar da ke wucewa ba ta ɗaga hannu ba, ta leƙo daga kujerarta.

"Dakta, ba can ne gidan tarihin ba? Na ga allonsa."

Auta ta yi murmushi, ta kai makirufon baki.

"Shi ne, ranki ya daɗe. Amma duk abin da ke can matacce ne, a cikin gilashi yake. Na ga manyan masana irinku sun fi dacewa da masu rai."

Motar ta ɗauki dariya, wasu har da tafi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mijin Auta, sakataren taron, yana kujerar gaba kusa da Farfesa, jakar tsohon a kan cinyarsa. Shi ne babban ɗalibin Farfesa a duk sashen. Auta kuwa har yau Malam take ce masa, don shi ya koyar da ita kafin ya aure ta, kuma haihuwar yara ba ta canja sunan ba.

Ya miƙe ya matso, ya rage murya.

"Auta, ina za ki kai mutane?"

Ta kashe makirufon.

"Yawon buɗe ido mana, Malam. Ai yau za su buɗe ido."

"Ba wasa nake ba. A jadawali gidan tarihi ne, sai kasuwar masu sana'a, sai otal."

"Ni na tsara jadawalin. Ni kuma na rushe shi."

Ya juya wajen direba. "Bawan Allah, juya da motar nan."

Direba ko waiwaye bai yi ba. "Yallaɓai, a yi haƙuri. Hajiya ce ta ɗauko ni."

Malam ya juyo wajen Auta. Zufa ta tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ke cikin motar.

"Idan abin da nake zargi ne..."

"Shi ne."

"Don Allah ki duba. Mutumin nan ya tsufa, ga ciwon zuciya. Shi fa ya sa hannu aka ɗauke ki aiki."

"Ban manta ba. Ban kuma manta wanda ya sa yara suka yi wa ubana waƙa a bakin layi ba."

"Ki bari mu yi magana a gida."

"Tun da ka aure ni muke magana a gida. Kullum amsarka ɗaya, ki bar shi, ki bar shi. To na bar shi har ya yi furfura. Koma ka riƙe masa jaka, Malam, kar ta faɗi."

Motar ta sauka daga kwalta, ta shiga wata hanya mai ramuka. Can gaba dogon bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa ya bayyana, duk tsatsa, ba hayaƙi.

Farfesa da ke gyangyaɗi ya buɗe ido. Tsoho ne mai tsabta, gemu fari tas a gyare, ga sanda mai kan azurfa. Ya ƙura wa bututun ido, ya gyara zama.

"Kai, ai na san wurin nan," ya ce cikin jin daɗi. "Nan fa na yi suna."

Auta ta ji maganar har cikin haƙoranta.

*

Tana 'yar firamare Farfesa ya zo unguwarsu, unguwar da kusan kowane magidanci a masaƙa yake aiki. Lokacin gashinsa baƙi ne. Ya ce yana nazarin yadda iyalan ma'aikata ke rayuwa. Ya kama ɗaki a bayan gidansu, ya ci girkin Inna, ya sha shayi da Baba a ƙofar gida. Har fensir mai launi ya saya wa Auta.

Abin da unguwa ba ta sani ba shi ne an sallami Baba daga aiki. Kunya ta hana shi faɗa. Ya ce an yi masa canji zuwa babban siton kamfani a ɗaya gefen gari, har da ƙarin girma. Kullum da safe Inna ta goge masa kakin aiki, ta zuba masa abinci a kula, ya fita takalmi na ƙyalli. Ya yi ta zagayen neman aiki har rana ta take, sannan ya tafi wata tasha mai nisa inda ba wanda ya san shi, ya zauna a kan benci har lokacin tashi.

Inna ta sani. Kakin ya daina dawowa da warin rini, shi ke nan ta gane. Ba ta ce masa komai ba. Ta ƙara karɓar ɗinki, keke na kuka har ƙafafunta su kumbura, abin da ta samu ta cusa masa a aljihun kaki kamar ta manta da shi a ciki.

Da shekara ta zagayo, baƙon ya dawo da majigi. Ya ce zai nuna wa unguwa fim ɗin bincikensa don godiya. Aka rufe tagogin zauren ƙungiyar ma'aikata da barguna, kowa ya ci ado. Baba ya zauna a sahun gaba cikin kakinsa, Auta a kan cinyarsa.

Sai ga Baba a jikin farin ƙyalle, a kan benci. Ga shi yana buɗe kula yana waige-waige. Ga shi yana gyangyaɗi baki buɗe. Ga shi ya duba agogo, ya miƙe, ya karkaɗe wando kamar wanda aiki ya gajiyar. Muryar baƙon kuma tana bayani a natse: wannan magidanci ba shi da aiki, matarsa ta sani, ita ke ciyar da gidan a ɓoye. Hoto ya koma kan Inna da kekenta.

Wani ya fashe da dariya daga baya.

Har yau Auta na jin yadda gwiwoyin Baba suka riƙa rawa a ƙarƙashinta.

Kafin a naɗe ƙyallen an raɗa masa suna, Manajan Benci. A gida ya dubi Inna ya ce, "Ashe kin sani. Ashe kuma baƙo kika zaɓa ki gaya wa." Ta rantse, ta yi kuka, bai saurare ta ba. Bai ƙara sati ba ya fita wata safiya, ba kula, ba kaki, bai dawo ba. Daga baya wani direban babbar mota ya kawo labarin ya rasu a wani gari mai nisa. Ba su ga gawa ba, ba su ga kabari ba. Matan layi suka ce Inna ta sayar da asirin mijinta don ta fito a fim.

Fim ɗin kuwa ya yi tashe. Har yanzu da shi ake buɗe wa sababbin ɗalibai karatu. Da gangan Auta ta zaɓi wannan fanni. Ta zauna a aji ta kalli ubanta yana gyangyaɗi, 'yan ajinsu na rubutu da sauri kar wani abu ya wuce su. Ta yi karatu, ta hau, ta zama Dakta, ta gaishe da Farfesa da ladabi shekara da shekaru. Bai taɓa tambayarta 'yar wace unguwa ce ba.

*

Motar ta tsaya a ƙofar zauren ƙungiya. Fentin ya kwaile, kwanon rufi ya yi ja, amma an share wurin fes.

Baƙi suka fara sauka da katunansu a wuya, kowa ya zaro waya. Wannan na ɗaukar kwata, wancan na ɗaukar wata tsohuwa a ƙofar gida.

Yayar Auta na tsaye a bakin zauren, hannu a ƙugu.

"Ku mayar da wayoyin nan aljihu," ta ce da ƙarfi. "Nan ba gidan namun daji ba ne."

Madam Tambaya ta dubi Auta. "Wannan ma yana cikin shirin?"

"Komai yana ciki, ranki ya daɗe. Ku shiga."

Zauren a cike yake. Tsofaffin unguwa ne, maza gefe, mata gefe, waɗanda suka rage daga cikin masu kallon wancan majigi. Auta ta bi su gida-gida ta ce musu manyan baƙi za su zo gaishe su. An jera wa baƙin kujerun roba a baya. A gaba kuwa, inda aka taɓa rataye farin ƙyalle, abu ɗaya ne kawai. Wani tsohon benci na katako, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da waya.

Malam ya gan shi, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Farfesa ya shigo yana ɗaga wa mutane sanda, yana murmushi, yana neman kujerar babban baƙo.

"Ga wurinka nan, ranka ya daɗe," in ji Auta.

"A nan?"

"A nan. Daga tasha na sa aka ɗauko maka shi."

Murmushin ya ɗan rage. Ya dubi bencin, ya dubi tsofaffin, ya dubi abokan aikinsa da suka zuba masa ido. Ba yadda zai yi. Ya zauna, bencin ya yi ƙara.

Auta ta kunna makirufon.

"Baƙinmu masu daraja, ga mutanen da kuka daɗe kuna karantawa. Da su kuka ci jarrabawa. Da su wasunku suka samu ƙarin girma. Yau ga su nan da bakinsu da idonsu." Ta juya wajen tsofaffin. "Ku kuma iyayena, kar ku ɗauka ƙauna ce ta sa na tara ku. Baba Fomen, ina kallonka. Kai ka fara dariya ran nan, kai ka raɗa sunan. Zauna daram, ba inda za ka."

Tsohon shugaban leburorin masaƙar da ya fara yunƙurin tashi ya koma ya zauna, kansa a ƙasa.

Farfesa ya yi gyaran murya. "'Yata, wannan wane irin wasa ne?"

"Kar ka ƙara ce mini 'yarka. Ina da uba. Ka ma san shi, ai ba wanda ya kai ka kallonsa."

"Ban gane ba."

"Fensir mai launi, ranka ya daɗe. Ka tuna yarinyar da ka saya wa? Wadda ke kai maka abinci ɗakin baya?"

Bakinsa ya buɗe kaɗan. Sandar ta zame, ya cafke ta.

"Ke ce..."

"Ni ce. 'Yar Manajan Benci."

Wani irin gunaguni ya tashi daga kujerun baya. Duk wanda ke cikinsu ya ga fim ɗin, wasu ma sun koyar da shi. Madam Tambaya ta cire gilashinta. A karon farko tun da aka fara taron, ba ta da tambaya.

Farfesa ya daidaita kansa. Tsohon malami ne, ya saba da zauren da ya fi wannan zafi.

"Dakta, na fahimci ɓacin ranki. Amma ke masaniya ce. Kin san abin da aikin nan ya yi. Shi ya sa duniya ta san halin da ma'aikata ke ciki bayan an sallame su. An yi muhawara a kansa, an canja dokoki..."

"An canja mana uba?"

"Na bi ƙa'idar lokacin. Ban ambaci sunan kowa ba."

"Ka ɓoye suna, ka bar fuska. Ka kawo fuskar har nan, gaban maƙwabtansa, ka rataye ta a bango. Ka tambaye shi?"

Farfesa ya kawar da kai.

"Na ce ka tambaye shi?"

"Da na tambaye shi, da bai yarda ba."

"To ka ji," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ashe ka sani, tsohon banza."

"Yaya, bar shi. Ba zagi na kawo shi ya sha ba, zagi ai wucewa yake." Auta ta matso dab da bencin. "Yau za a rataya maka lambar yabo saboda wannan fim. To ga nawa shirin. Za ka zauna a nan, waɗannan su kalle ka, waɗancan su kalle ka, har lokacin tashi. Ka ji yadda ake ji. Gobe kuma a zaman rufe taro zan tashi a gaban kowa in nemi a cire fim ɗin daga kowane aji, a cire sunanka daga ƙofar ɗakin karatun sashe. Idan sun ƙi, in bi ka taro-taro, gari-gari. Ina da ƙuruciya, ranka ya daɗe. Kai fa?"

Malam ya ƙaraso da sauri. "Auta, ya isa! Kin faɗi abin da ke ranki. Mu tafi."

"Ban ma fara ba. Yaya, shigo da ita."

Duk zauren ya juya wajen ƙofa.

Inna ta shigo a hankali, tana dafe da kafaɗar Yaya. Ta ƙanƙance, bayanta ya ranƙwafa, ƙafafun nan da keke ya cinye suna jan ƙasa. Tun ranar majigi ba ta ƙara taka zauren nan ba. Matan da ke gefe suka fara kawar da kai.

Ta tsaya a gaban bencin, ta daɗe tana duban Farfesa.

"Baƙonmu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka gane ni?"

Farfesa ya yi yunƙurin miƙewa, ta ɗaga masa hannu.

"Zauna. Ni ban zo faɗa ba, faɗan na yara ne. Abu ɗaya nake so. Ka ci abincina, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Ga mutanen nan, ka gaya musu tsakaninka da Allah. Ni na gaya maka sirrin mijina?"

Auta ta ɗan runtse ido. Wannan tambayar ba ta cikin shirinta. A can ƙasan ranta, inda ba ta taɓa bari kowa ya leƙa ba, ta daɗe da yanke cewa Inna ce ta yi suɓutar baki. Ba da mugunta ba, irin hirar nan ta mai ɗinki da baƙo mai daɗin magana. Ta yafe mata tuntuni, amma ta yarda ita ce.

Farfesa ya dubi sandarsa.

"A'a," ya ce.

"Ɗaga murya. Kunnuwansu sun tsufa."

"A'a. Ba ke ba ce. Na yi ta zagaye ina miki tambaya, ba ki taɓa cewa komai ba. Kullum sai ki ce aiki lafiya lau. Da na ga yadda kike kare shi, sai na gane kin sani."

Wata tsohuwa a sahun mata ta saki salati. Wata ta rufe fuska da mayafi.

Inna ta juya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi 'ya'yanta, kuma a nan ne idonta ya fi daɗewa.

Auta ta sauke idonta ƙasa. Makirufon ya yi mata nauyi a hannu.

"Inna..."

"Na sani, Auta. Ke ma haka kika ɗauka. Ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin ya fi mari ciwo. Zafin da ya taso mata bai da inda zai je, sai ta juya da shi kan bencin.

"To wa ya gaya maka? Wa ya kai ka tashar?"

"Ban taɓa zuwa tashar ba."

"Ƙarya kake! Hoton fa? Aljani ne ya ɗauka?"

"Auta," Malam ya kama hannunta, tafinsa sharkaf da zufa. "Don girman Allah mu tafi. Jikinsa ba zai ɗauka ba."

Ta fizge hannunta.

Farfesa ya ɗago kai. Fuskarsa ta canja. Tsoron ya tafi, abin da ya rage shi ne fushin babban mutum da aka tozarta a gaban yaransa.

"Tun da gaskiya kike so, Dakta, ba zan ɗauki kayan nan ni kaɗai ba. Muryar tawa ce, ban musa ba. Ni na kawo majigin, ban musa ba. Amma hoton benci ba nawa ba ne. Ina da wani ɗalibi a lokacin, shi ke haɗa mini hotuna a makaranta. Ya san fuskar kowa a unguwar nan, ku ba ku san tasa ba. Wata rana ya ga mahaifinki a tasha, ya gane shi. Ya zo mini da ɗoki, ya ce Malam, na samo mana abin da zai ɗaga aikin nan. Ya ɓuya a shagon mai faci ya yi ta ɗauka. Gyangyaɗin nan da ake dariya, ni na ce a cire, shi ya ce a bari."

"Wane ɗalibi?"

Farfesa ya gyara riƙon sandarsa.

"Na ce wane ɗalibi? Yana raye? Yana ina?"

Farfesa ya ɗaga sandarsa a hankali, kan azurfar ya tsaya yana nuni.

"Ga shi nan riƙe da jakata."

Jakar ta faɗi ƙasa tim.

Auta ta juya. Ta dubi mutumin da ta haifa wa yara. Mutumin da ta kwantar da kai a ƙirjinsa farkon aurensu ta ba shi labarin benci tana kuka, yana shafa bayanta. Mutumin da ke kawo wa Inna maganin ƙafa duk wata, Inna na sa masa albarka.

Yaya ta ɗora hannu biyu a ka. "Na shiga uku. Wannan? Wannan da muke wa shimfiɗa?"

"Malam," Auta ta ce. Muryarta ta fito a sanyaye, har ita kanta ta ba ta tsoro. "Ka ce ƙarya yake."

Malam ya kawar da idonsa gefe.

"Ka ce tsufa ne ya ruɗa shi, in yarda. Wallahi zan yarda."

"Auta, yaro ne ni lokacin..."

"Ban tambayi shekarunka ba. Ranar da ka tsayar da ni a ƙofar aji ka ce kana sona, ka san ko ni 'yar wace ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na sani."

Ta gyaɗa kai sau da yawa, kamar wadda aka yi wa bayanin darasi ta gane. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta kai makirufon baki, ta fuskanci kujerun baya da irin murmushin da ta tarbe su da shi a filin jirgi.

"Baƙinmu masu daraja, a gafarce mu, an samu ɗan canji a shirin." Ta dubi tsohon. "Farfesa, matsa gefe. Ba tashi na ce ka yi ba, matsawa. Bencin zai ɗauki mutum biyu."

Sannan ta nuna wa mijinta wurin da yatsa.

"Zauna, Malam."

"Auta..."

"Zauna. Shi sunansa kawai nake so in ƙwace. Kai kuwa sai na zauna na yi tunani, don abin da zan yi maka ba na yini ɗaya ba ne. Zauna su kalle ka."

Bai zauna ba. Ya wuce ta, ya zube a gaban Inna, gwiwa biyu a kan siminti. Inna ta ja ƙafarta baya.

"Inna, ki tsine mini in kina so, na cancanta. Auta ta yi mini duk abin da ta ga dama. Amma tun da abin ya kai nan, akwai maganar da aka sa ni rantsuwa a kanta, yau zan karya."

"Rufe mana baki!" Yaya ta daka masa tsawa. "Me ya rage kuma?"

"Ku daina yi wa Baba addu'ar matattu," in ji Malam.

Hannun Inna ya damƙi kafaɗar Yaya.

"Me ka ce?"

Makirufon na hannun Auta a kunne, dab da kan Malam. Duk zauren ya ji, har direban da ke tsaye a bakin taga.

"Direban babbar motar nan da ya kawo muku labari, Baba ne da kansa ya aiko shi. Yana raye, Inna. Shekaranjiya ma hannu da hannu muka gaisa."